Kafin ka kawo Inna Faransa aikin gwiwa

Ƙanena, saƙonka ya iso: likita a Yamai ya ce gwiwar Inna ta cinye, ka ji labarin aikin da ake canja rabin gwiwa, kana so ka kawo ta nan Faransa ku zauna har a yi mata kyauta. Cire maganar kyautan nan daga ranka. Tallafin AME, wato taimakon magani na gwamnatin Faransa ga marasa takarda, ba ya farawa sai an yi wata 3 a ƙasar, kuma sa ƙarfen gwiwa yana cikin ayyukan da ake jira wata 9 bayan an samu tallafin. Dattijuwa mai ciwo za ta yi shekara tana ɓuya a cikin sanyi? Bizar magani kuwa sai asibiti ya ba da takardar kuɗin aiki an biya, ga ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe tun farkon 2024.

Shi aikin yana da kyau, amma ba kowace gwiwa ya dace da ita ba. Gwiwa ɗaki uku ce: na ciki, na waje, da na ƙarƙashin ƙoƙo. Ana yin rabin ne idan guringuntsin ɗaki ɗaya kaɗai ya ƙare, galibi na ciki, jijiyar gaba ta tsakiyar gwiwa tana nan lafiya, kuma likita na iya miƙe bakan ƙafar da hannu. Mai amosanin da ke kumbura gaɓoɓi da yawa ba a yi masa. Ku ɗauki radiyo, wato hoton ƙashi, tana TSAYE, nauyinta a kan ƙafar. Hoton kwance yana ɓoye lalacewar.

Ana goge bakin ƙashi, a sa ƙarfe sama da ƙasa, roba a tsakani. Yanka ƙarami ne, jini kaɗan, ana tashi da wuri, haɗarin gudan jini da ƙwayar cuta bai kai na canja gwiwa duka ba. Amma an fi sake buɗe shi. Binciken mujallar Lancet na 2019 ya nuna kusan 70 cikin 100 na aikin rabi suna kai shekara 25, na cikakken aiki 82. Ciwon kan ci sauran ɗakunan, ƙarfe ya saki ƙashi, ko robar mai motsi ta goce. Likitan da ke yin biyu-uku a shekara ya fi samun wannan matsala, don haka ka tambaye shi nawa yake yi, kada ka ji nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan ta koma Tawa. Wa zai yi mata kine, wato gashi da motsa gwiwa, na makonni? Sallah a kujera za ta fara, masan tsuguno sai an sa mata na zama. A daidaita sukarinta kuma a cire ruɓaɓɓen haƙori kafin aiki. Gwiwa ta yi ja, da zafi, da zazzaɓi ko ruwa daga ɗinki, ranar za a kai ta asibiti, ba a sayi ƙwaya a tebur ba. Ka fara neman likitan ƙashi a Yamai da ya yarda zai riƙa duba ta.