Tambaya da Amsa: Wai da gaske beyar tana barcin wata biyar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa dabbar beyar mai launin ruwan ƙasa tana kwanciya watanni ba ci ba sha, anya kuwa? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, gaskiya ne wallahi. A wuraren sanyi kamar Alaska ta Amurka da Siberiya ta Rasha, da sanyi ya matso sai ta dage da ci, kifin salmon, 'ya'yan itatuwa, saiwoyi, komai ta samu, ta tara kitse sosai sannan ta shige rami ta kwanta wata 5 har 7, ba ta ci ba ta sha ba ta ko fitsari, bugun zuciyarta ya sauko ƙasa ƙwarai, kitsen nan shi ke riƙe ta har ta kan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne a cikin ramin ne uwa ke haihuwa, wajen Janairu ko Fabrairu, jaririn bai kai kilo 1 ba, makaho, tana shayar da shi cikin wannan hali. Ikon Allah!

Amma fa barcin ba mai nauyi ba ne sosai, in aka dame ta takan farka.