Na Sa Sabon Famfo, Fitilar Mai Ba Ta Daina Kamawa Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Volkswagen Beetle mai injin 1600, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Legas. Na sa mata sabon famfon baƙin mai, amma fitilar mai takan daɗe kafin ta mutu in an tayar, kuma in inji ya yi zafi sai ta riƙa ƙyaftawa a silo. Makanikena ya ce mu sa famfo mafi girma. In yarda? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda tukuna. Famfo turo mai kawai yake yi. Ƙarfin man yana fitowa ne daga matsin hanyoyin da yake bi, musamman metal ɗin karanshaf, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu. In sun ci, ko wane irin famfo ka ɗaura, man zai zurare ta gefe.

Fara da awo. Cire suwic ɗin fitilar, ka ɗaura geji a gurbinsa. Da mai ya yi zafi kamar digiri 70, inji na juyi 2,500 a minti, kada awon ya gaza bar 2 (bar ma'aunin ƙarfin mai ne a geji). Suwic ɗin kansa sai ƙarfi ya faɗi ƙasa da rabin bar yake kunna fitila, kuma yakan lalace ya yi ƙarya. In geji ya nuna lafiya, suwic kawai za ka canja.

In awon ya yi ƙasa, sai a koma kan famfon, don a nan aka fi yin kuskure. A wannan injin bakin kamshaf ne ke juya famfo, ta wani ɗan harshe da ke shiga tsaga. Kamshaf ɗin iri biyu ne: mai shimfiɗaɗɗiyar giya da ƙusa uku, da mai lotsattsiyar giya da ƙusa huɗu wanda ya zo daga wajen 1971. Kowanne da famfonsa. Ka sa na farko a kan na biyu, harshen bakin tsagar kawai zai kama, ya yi ta cinyewa har ranar da zai zame inji ya buga. Shekarar motar ba hujja ba ce, an sha canja wa motocin nan kayan ciki. Leƙa ramin ka ƙirga ƙusoshin.

Wajen cirewa, a sassauta notocin jikin inji na sama da ƙasan famfon, a ja shi da abin cire shi. Ban da banƙarawa da sukundireba, jikin injin haɗin magnesiyam ne, miki kaɗan sai yoyo. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar famfon ba gaskit, ka auna tsakaninsa da giyoyin: kada ya wuce milimita 0.1. Juya murfin ka duba cikinsa. In giya ta zana masa zobe har farce yana maƙalewa, a goge shi da sanfefa mai laushi a kan gilashi. Gaskit ɗin murfi siriri ne kamar takarda. Wanda aka yanko daga kwali yana ƙara tazara, mai ya riƙa zagayawa a cikin famfon. A cika haƙoran giya da basilin don ya ja mai nan take, a guji lafta gam. Notoci huɗu masu milimita 8, a ɗaure su a gicciye zuwa Nm 20 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Zuba lita 2.5, cire fulogai da wayar kwayil, ka riƙa murza ki na daƙiƙa goma-goma har fitila ta mutu, sannan ka tayar.

Jinkirin da kake gani in an tayar kuwa ya fi kama da shan iska. Buɗe faifan ƙasa mai notoci shida, wanke rariyar, ka girgiza bututun da ke zuƙo mai; in yana motsi, iska yake ja. Duba kuma bawul ɗin rage ƙarfin mai, ko fistin ɗinsa ya maƙale a buɗe ko sifirin ya saki.

Babban famfo mai giya milimita 30 a maimakon 26 zai iya kashe fitilar, amma ƙarfin da ya wuce kima yana tura bawul ya karkatar da mai daga na'urar sanyaya shi. Motar da ba ta shan ruwa, a zafin watan Afrilu, ba ta da wannan rarar. In ka bi duk waɗannan da mai 20W-50 awo bai tashi ba, a buɗe inji a auna metal da mazauninsu.