Minti talatin da suka ci mini aikin mako uku

Kai yaro, tambayarka ita ce: a lissafin rashin daidaito, me ya sa bakin alama (irin > ko <) ke juyawa idan aka raba da lamba mai ragi, wato wadda ke ƙasa da sifili? To, ajiye wayar nan tukuna. Ku yaran yanzu kun iya latse-latse, amma a ba ku alli da bango sai ido ya raina fata.

Kwashe lamba daga wannan ɓangare zuwa wancan ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya shi ba ya koma firamare. Abin da ya ci ni shi zan gaya maka.

Ban daɗe da barin gaban maigidana ba na samu aikin famfo na wani bene, mako uku ina fasa bango ina jan bututu. Tankin ƙasa yana cin lita 9,000, inji yana jan lita 40 a minti, bakin bututun da ke zuƙo ruwa kuma yana daidai lita 3,000. Ruwa ya sauka ƙasa da nan, iska inji zai sha. Mai gidan ya ƙi sayen fulot, na'urar da ke kashe inji da kanta in ruwa ya yi ƙasa, wai tsada, ya ce in sa agogon da zai riƙa kashe injin. Na ɗauki gawayi na rubuta a bangon ɗakin inji, x a matsayin mintocin da inji zai yi yana aiki:

9000 − 40x ≥ 3000

Ya koma −40x ≥ −6000. Na raba da −40, na bar alamar yadda take, na samu x ≥ 150. Wato wai daga minti 150 zuwa sama. Ina ji da kaina, sai na saita agogo a kan minti 180, na sa kai na tafi.

Amsar gaskiya x ≤ 150 ce. Kullum inji sai ya yi minti talatin yana juyawa ba ɗigon ruwa. Kwana huɗu robar da ke tare ruwa ta narke, ruwa ya bi ya shiga koyil, wato naɗaɗɗun wayoyin cikin inji. Da na buɗe murfin, warin ƙuna ne ya fara marabtata, wayoyin sun yi baƙi ƙirin.

Laifina ne, na sayi sabon inji da kuɗin aljihuna. Amma mutumin nan, Allah ya isa! Ɗansa ɗan sakandare ya ga rubutuna a bango ya nuna masa kuskuren, shi ke nan ya samu makami. Duk wanda na tura ya sa baki sai ya ja shi ɗakin inji ya nuna masa gawayin. Har yau bai biya ni aikin bututun ba, kuma bututun nan ko ɗigo ba ya yi. Da ya sayi fulot ɗin da na ce masa fa?

Dalilin juyawar kuwa ba wani sihiri ba ne. 2 bai kai 5 ba, amma −2 ya fi −5, don wanda ake bi biyu ya fi wanda ake bi biyar kwanciyar hankali. Ka ninka ko ka raba da lamba mai ragi, babba ya koma ƙarami, dole bakin ya juya. Tarawa da ɗebewa ba sa taɓa shi. Alamomin > da < tun 1631 suka fito a littafin wani Bature ɗan Ingila, Thomas Harriot, ba a kanka za su sake hali ba.

Ni tun ranar ba na raba komai da ragi. Sai in tura x ɓangaren da ba ta da ragi: 6000 ≥ 40x, wato 150 ≥ x. Sannan in gwada da lamba biyu, ɗaya ƙasa da iyakar, ɗaya sama. Sa 100, saura lita 5,000, lafiya lau. Sa 200 da kanka ka gaya mini abin da ya rage. A bango, ba a waya ba. Kuma idan ka gama ka goge rubutun.