Tambaya da Amsa: Malamina ya ce ban san ma'anar "discourse" ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu a fannin Turanci. Na miƙa babi na ɗaya ga malamin da ke duba aikina, ya dawo mini da shi ya zagaye kalmar "discourse" da jan biro kusan a kowane shafi, ya rubuta a gefe cewa ban san abin da nake nufi da ita ba. Binciken nawa "discourse analysis" ne a kan jawaban wani shugaban ƙasa. Wanda na ba gyaran rubutun ya ce mini kalmar daidai take da "discussion", sai dai ta fi ta nauyi da armashi. Saura 'yan makonni in kare tsarin binciken, kuma hankalina ya tashi matuƙa. Don Allah mece ce ma'anar kalmar, kuma a ina na kauce?

AMSA

Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki, abin mai gyaruwa ne a cikin makonnin da suka rage miki. Amma malaminki yana da gaskiya, wanda ya yi miki gyaran rubutu kuwa ya ɗora ki a kan karkatacciyar hanya. Gara ma da aka tare ki a babi na ɗaya, domin wannan kuskuren a babi na huɗu yake yin ɓarnarsa ta gaske.

Kalmomin nan biyu ko tushe ba su haɗa ba. "Discourse" ta fito ne daga Latin "discursus", wato kai-kawo ko gudu nan da can, kuma danginta su ne "course" da "current" da "courier". Ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 14, kuma a lokacin ana nufin tafiyar tunani ne daga wannan hujja zuwa waccan. Ita kuwa "discuss" daga "discutere" take, wato girgiza abu har ya wargaje, 'yar'uwar "concussion" da "percussion". Kunne ne kawai yake haɗa su, musamman a bakin wanda ya koyi Turanci a aji, inda furucinsu yakan zo kusan ɗaya.

A Turancin yau da kullum, wanda ba na masana ba, kalmar tana nufin doguwar magana ko rubutu mai tsari a kan wani batu. Da wannan ma'anar ake fassara sunan littafin da masanin falsafa ɗan Faransa, Descartes, ya fitar a 1637 a kan hanyar tunani. A nan ana ƙirga ta, a ce "a discourse on justice". Akwai kuma "public discourse" ko "political discourse", wato dukkan abin da jama'a ke faɗa da rubutawa a fili game da al'amuransu. Ba na jin wannan ce ta kawo ki, don haka ba zan daɗe a kanta ba.

Ma'ana ta biyu, wadda ta shafi fanninki, ita ce ta masana harshe, wato harshe a matakin da ya wuce jimla guda, kuma harshe kamar yadda ake amfani da shi a zahiri tsakanin mutane. Zellig Harris, malamin fitaccen masanin harshe Chomsky a Jami'ar Pennsylvania, shi ne ya fito da sunan fannin a wata maƙala da ya buga a mujallar Language a 1952, kuma cikin abin da ya gwada hanyarsa a kai har da tallar man gashi. Ki lura da wannan: talla, ba wata muhawara ba. Babu wanda yake tattaunawa da kowa a cikin talla, amma "discourse" ce. Haka takardar gargaɗi a jikin kwalbar magani, haka hukuncin alƙali, haka gaisuwar mutum biyu a hanya. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan ma'anar ita ce zance, kuma a nan yawanci ba a ƙirga kalmar Turancin, ba a sa mata "a" ba a yi mata jam'i.

Ga abin da ake nema a wannan matakin. Malami ya ce wa ɗalibi, "Biyar sau shida nawa ne?" Ɗalibi ya ce, "Talatin." Malami ya ce, "Madalla." Kowace jimla daidai take a nahawu, ba abin dubawa. To amma ki tsayar da wani a hanya ki tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce ƙarfe uku, ke kuma ki ce masa, "Madalla, ka ci." Zai yi miki kallon mai taɓin hankali. Me ya sa kalma ɗaya ta dace a can ta zama raini a nan? Saboda a aji mai tambaya ya riga ya san amsa, kuma yana da ikon yanke hukunci a kanta. Wannan tsarin mai hawa uku, tambaya da amsa da hukunci, shi ne masana harshe Sinclair da Coulthard suka fito da shi a Jami'ar Birmingham ta Ingila a 1975 bayan sun naɗi darussa a azuzuwa. Nahawun jimla ba zai taɓa nuna miki shi ba.

Sai ma'ana ta uku, wadda ta zo daga Faransa ta hannun masanin falsafa Michel Foucault, musamman laccar kama aiki da ya gabatar a Collège de France, babbar cibiyar ilimi a Paris, a watan Disamba na 1970. A wurinsa kalmar tana nufin tsarin magana da ke iyakance abin da za a iya faɗa a kan wani batu, da wanda yake da hurumin faɗa, da abin da za a karɓa a matsayin gaskiya. Mutum ɗaya mai shan ƙwaya, ɗan sanda zai kira shi mai laifi, likita ya kira shi majinyaci, masanin zamantakewa ya kira shi wanda talauci ya tura. Kowane suna yana jawo nasa ginin da nasa ma'aikatan da nasa maganin: kurkuku, ko asibiti, ko shirin tallafi. A wannan ma'anar ana ƙirgawa, a ce "medical discourse", a ce "competing discourses". Norman Fairclough na Jami'ar Lancaster, tun daga littafinsa na 1989 a kan harshe da iko, ya haɗa wannan da nazarin kalmomi da jimloli na masana harshe, kuma daga wannan haɗin ne aka sami "Critical Discourse Analysis", wato nazarin zance mai bin diddigin iko, wanda ɗalibai ke gajarce wa suna CDA. Wani masanin harshe, James Paul Gee, ya sauƙaƙa wa mutane, yana rubuta ma'ana ta biyu da ƙaramin d, ta uku da babban D.

Yanzu bari in koma kan abin da aka gaya miki, domin shi ne ciwon da nake gani kullum, kuma ya ishe ni.

Akwai masu sana'ar "gyara" wa ɗalibai kundi waɗanda iyakar iliminsu jerin kalmomi masu kama da juna. Sun ɗauka Turanci hawa biyu ne, ƙananan kalmomi a ƙasa, manya a sama, aikin mai ilimi kuma shi ne ya cire ta ƙasa ya dasa ta sama. Sai su bi rubutun ɗalibi, duk inda suka ga "discussion" su mayar da ita "discourse". Wasu ma ba sa wahalar da kansu, manhajar sauya kalmomi suke ba aikin don a tsallake na'urar gano satar rubutu, ita kuwa manhaja ba ruwanta da ma'ana. Daga nan ake samun jimloli irin su "this chapter will discourse the findings", wadda ba Turanci ba ce ko kaɗan. Aikatau ɗin "discourse" a Turancin zamani ba ya ɗaukar karɓau kai tsaye, sai da "on" ko "upon", kuma ko an sa ɗin, sau da yawa da ɗan habaici yake zuwa. Idan Bature ya ce wani "discoursed at length on the weather", yawanci nufinsa mutumin ya cika su da surutu. Na sha ganin kan babi an rubuta "Discourse of Findings", da manyan baƙaƙe, an ja layi a ƙasa. Mai duba kundi daga waje idan ya ga wannan, ya gama yanke hukunci tun bai karanta sakin layi na farko ba.

Da a ce ɓarnar a kan kalma kaɗai ta tsaya, da da sauƙi, a goge a sake. Amma duk wanda ya yarda "discourse" tattaunawa ce, dole ya yarda "discourse analysis" tattauna abin da aka faɗa ne. Sai ɗalibi ya ɗauko jawabin shugaba, ya rubuta cewa a sakin layi na farko shugaban ya gode wa jama'a, a na biyu ya yi alkawarin samar da aikin yi, a na uku ya yi kira da a haɗa kai, sannan ya rufe da cewa jawabin ya nuna shugaban mai kishin ƙasa ne, ko kuma maƙaryaci ne, gwargwadon jam'iyyar da ɗalibin yake so. Shafi arba'in na wannan. Taƙaitawa ce da ra'ayi, aikin da mai sharhi a rediyo zai yi a minti biyar, kuma ya fi shi daɗin ji. Abin takaici shi ne irin waɗannan kundaye suna wucewa, a ajiye su a laburare, na baya su zo su kwafa suna zaton haka ake yi. Wasu sassan ma sun fi damuwa da faɗin gefen takarda da launin bango fiye da ko ɗalibi ya fahimci kalmar da ke cikin taken aikinsa.

Mai nazarin zance ba abin da shugaban ya faɗa ne ya dame shi ba, yadda aka gina faɗar ne, da abin da ginin ya aikata. A ce a jawabin akwai "we built new roads", can gaba kuma akwai "mistakes were made". A ta farko mai aikatawa yana nan tsaye a gaban jimla. A ta biyu ya ɓace, kamar yadda muke cewa "an yi kuskure" idan ba ma son a tambaye mu wa ya yi. Idan kika bi jawabai goma kika tarar duk inda ake maganar nasara akwai "we", duk inda ake maganar gazawa jimla ta juya ta haɗiye mai aikin, kin sami abin rubutawa, kuma kina da hujjar da za ki nuna da yatsa. Sannan ki tambayi ita kanta "we" ɗin: su wa ke ciki? A wani wuri gwamnati ce kaɗai, a wani wuri duk 'yan ƙasa ne, kuma sau da yawa tana faɗaɗa ne daidai lokacin da za a nemi jama'a su yi haƙuri. Ki duba inda aka ce "must" da inda aka ce "may". Ki duba abin da aka ɗauka tamkar kowa ya riga ya yarda da shi, domin wanda ya ce zai "dawo da" tsaro ya shigar da cewa da akwai shi, wani ya ɓatar, ba tare da ya faɗa ba. Wannan shi ne aikin, kuma ba mai gyaran rubutu da zai yi miki shi.

Ga abin da za ki yi kafin ranar kariya. Ki zaɓi ma'ana ɗaya, ki rubuta ta a sakin layi guda a babi na ɗaya, da sunan masanin da kika bi da shekarar aikinsa. Tunda jawaban siyasa kike nazari, ina ganin Fairclough zai fi yi miki daidai, saboda matakansa uku a bayyane suke: ki siffanta abin da ke cikin rubutun, ki fassara yadda aka samar da shi da yadda aka karɓe shi, sannan ki bayyana alaƙarsa da yanayin al'umma. Kada ki ambaci Foucault don ado idan ba ki karanta shi ba, masu tambaya suna son kama ɗalibi a nan. Bayan haka ki bi duk wurin da aka zagaye da jan biro. Inda "discussion" za ta zauna ma'ana ba ta canza ba, ki mayar da ita. Inda jawabi guda kike nufi, ki ce "speech". Inda takardar da ke gabanki kike nufi, ki ce "text". Za ki ga fiye da rabinsu sun tafi, waɗanda suka rage kuma za ki iya kare kowace ɗaya.

Ranar da za ki tsaya gaban malamai, ki kula da furuci. Idan "discourse" ta zo a matsayin suna, ba aikatau ba, an fi ɗora nauyin murya a gaɓar farko, DIS-course, da dogon wasali a gaɓa ta biyu kamar na "course". "Discuss" kuwa nauyinta a gaɓa ta biyu yake, wasalinta gajere kamar na "bus". Ki kuma koma wurin malaminki da sabon sakin layin nan kafin ki taɓa sauran babin, ya amince da ma'anar da kika zaɓa tukuna.