Amsa ga 'yar'uwar da mahaifiyarta za ta tafi Jamus

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki game da Hajiyarku mai ciwon suga da hawan jini, wadda za ta tafi Jamus a watan Disamba domin zaman jegon ƙanwarki, kina neman sanin shirin da ya kamata a yi mata ta fuskar lafiya. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin irin wannan tafiyar ce tamu Hajiyar ta yi zuwa Frankfurt, kuma ni ce na raka ta.

Zan fara da inshora tunda a nan aka cuce mu. Kin riga kin san ba a ba da bizar Shengen, wato bizar da ake shiga Jamus da ita, sai da inshorar lafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba, amma abin da ba kowa ke faɗa ba shi ne da yawa daga cikin masu araha ba sa ɗaukar nauyin ciwon da mutum ya baro gida da shi, sai haɗari ko rashin lafiyar da ta taso farat ɗaya. Ejan ɗin da ya haɗa mana takardu, sau biyu ina tambayarsa a gaban yayanmu ko ciwon suga yana ciki, ya ce in kwantar da hankalina, babu abin da aka bari. Ashe wadda za ta wuce a ofishin jakadanci kawai ya saya, ya soke sauran kuɗin a aljihunsa. Da Hajiya ta kwanta asibiti a can, ranar farko ya ɗaga waya ya ce zai bincika, daga nan lambarsa ba ta sake shiga ba. Mutumin nan fa ya ci abinci a gidanmu, yana durƙusawa yana kiran Hajiya da Mama. Na bar shi da Allah, amma har yau idan na tuna shi zuciyata tafasa take yi. Don haka ki karɓi takardar da hannunki, ki sa wanda ya iya karatu ya duba sashen abubuwan da ba sa biya, ko da za ki ƙara kuɗi.

Sauran laifin kuwa nawa ne, domin ni ce na zuba dukan magungunanta, har da allurar insulin, a cikin babban akwati, akwatin kuma bai iso tare da mu ba. Daren Asabar muka sauka, ranar Lahadi kuwa kantunan magani a rufe suke a can, sai wanda aikin gaggawa ya faɗo a kansa. Da muka same shi, matar da ke ciki ta ƙi sayar mana, ta ce sai da takardar likitan ƙasar. Ta tambaye ni sunan maganin hawan jinin, abin da na iya cewa kawai shi ne ƙaramin fari da ake sha da safe. Da asubahin Litinin Hajiya ta fara amai da ƙishirwa mai tsanani, tana kallona tana kirana da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, ga jariri yana kuka, ga mai jego tana kuka, ni kuma ina tsaye riƙe da waya ban iya ko kalma ɗaya ta Jamusanci ba. Mijin ƙanwata ne ya kira 112, motar asibiti ta zo. Kwana uku ta yi a kwance, inshora ta zame, kuɗin ya hau kansa, domin shi ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyin baƙo, wadda ta haɗa da kuɗin jinya. Daga baya muka ji cewa akwai lambar 116117 ta likitocin da ke aiki da dare da ranakun hutu, wanda da mun kira tun ranar Lahadi da an rubuta mata magani. Ki rubuta mata lambobin biyu a takarda.

Saboda haka duk maganinta ya shiga jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da na'urar awon suga da wasiƙar likitanta da Turanci mai ɗauke da ainihin sunan kowane magani da yadda ake shansa. Kwastan ɗin Jamus sun yarda matafiyi ya shiga da maganin kansa na wata uku. A lokacin sanyi agogonsu daidai yake da namu, ba sai ta canja lokacin allura ba.

Kada kuma ki raina zazzaɓin cizon sauro, domin yana iya tashi makonni bayan an sauka. Duk zazzaɓin da ya kama ta a can, a fara gaya wa likita daga Nijeriya ta zo, kada a ɗauka mura ce. Katin rigakafin shawara kuwa a filin jirginmu ake neman sa, kuma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki.

Sanyi yana ɗaga hawan jini, don haka ku nema mata safa mai kauri da takalmin da ba ya santsi, kuma kada ta kai ƙafarta kusa da abin ɗumama ɗaki, tunda mai suga yakan ƙone bai ji ba. A cikin jirgi, tafiyar wajen awa 6 ce daga Abuja, ta riƙa tashi tana ɗan takawa. Kilishi da man shanu na mai jego a bar su a gida, Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara, haka ma sassaƙe da garin maganin da ba su da suna a jiki ban ba ki shawarar ɗauka ba.

Akwatin namu sai ranar Laraba ya iso, Hajiya tana gadon asibiti. Da na kai wa likita insulin ɗin da ke ciki ya ce in zubar gaba ɗaya, domin babu wanda ya san irin sanyin da ya sha a hanya, kuma idan ya taɓa daskarewa ya lalace.