Ƙazuwa ta ƙi jin magani: wanne zan saya?

Tambaya: Ɗana ya dawo hutu daga makarantar kwana da ƙazuwa, yanzu ƙannensa biyu ma susa suke yi, musamman da dare. Sau biyu ina saya musu man shafawa na permethrin a kemis, shiru. Mai kemis ya ce ƙwarin da ke jawo ƙazuwar sun daina jin maganin, in sayi ƙwayar ivermectin. Maƙwabciyata kuma ta ce na dabbobi ya fi araha. Ya zan yi? Wata uwa daga Funtuwa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba su lafiya. Na dabbobi dai ki cire shi a ranki, don shanu da tumaki aka auna shi.

Maganar mai kemis tana da tushe: likitocin fata a Jamus da Ostiriya sun ba da rahoton cewa ƙarfin permethrin ya ragu. Amma a gidajenmu galibi wajen shafawar ake samun matsala. Kowa da kowa ya shafa a dare ɗaya, har mai gida da wanda bai fara susa ba? Tun daga wuya har tafin ƙafa ake bi, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, cibiya, matsematsi, ba kan ƙuraje kawai ba. Ya kwana a jiki awa 8 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 7, domin ƙwayayen da ƙwarin suka saka na iya tsira daga shafar farko. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda aƙalla kwana 3. In da ni ce, kuɗina wajen sayen permethrin ɗin da zai ishi gidan gaba ɗaya zan sa.

Ƙaiƙayi yakan kai mako 4 bayan ƙwarin sun mutu. Sababbin ƙuraje ne ke nuna magani bai ci ba.

In an yi duk wannan suka sake fitowa, akwai wani maganin shafawa, benzyl benzoate, mai ƙarfin kashi 25 cikin 100. Yana da raɗaɗi, yara sai an sirka musu. Ivermectin kuwa gwargwadon nauyin jiki ake sha, sau biyu, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba, don haka likita ne zai rubuta. Mayukan nan masu siteroyid da ake kira "haɗi uku" kwantar da susa kawai suke yi, ƙwarin na ta hayayyafa. Ƙurji ya yi ruwa ko mugunya, a tafi asibiti.

Kafin hutu ya ƙare ki sanar da makarantar, domin muddin 'yan ɗakinsu ba su yi magani ba, zai sake kwaso ta.