Tseren a-kori-kura masu dizal: ina mai gareji zai zuba kuɗinsa?

Tambayar ta zo mana daga wani ɗan'uwa mai garejin gyaran motocin dizal a jihar Ohio ta Amurka. Yana da makanikai uku, ya kuma tara dala 40,000 da ba ta cikin jarin yau da kullum. Matasan kwastomominsa sun dame shi da maganar tseren a-kori-kura, irin wanda motoci biyu ke jerawa su fizga a miƙaƙƙen titi, amma filin tseren da ke kusa da su bai ware wa masu dizal rana ba. Yana so ya san wanne ya fi: ya haɗa motar tsere mai ɗauke da sunan garejinsa, ko ya yi hayar fili ya shirya babbar gasa da kyauta mai tsoka, don wasan ya bunƙasa a yankinsu, shi ma ya samu.

Malam, Allah ya ƙara buɗi. A bana dai kada ka yi ko ɗaya cikin biyun. Kuɗinka ya fi amfani a hannun mutanen da ke zuwa aiki da motarsu ranar Litinin, su zo su gwada ta ranar Juma'a da dare. Su ne ke cika fili, su ne kuma ke kawo maka gyara.

Mu fara da motar tsere, tunda ita ce ta fi jan rai. Kana zaune a tsakiyar harkar. A Plain City, nan cikin Ohio, kamfanin Firepunk Diesel yake, wanda mai shi, Lavon Miller, ya ci gasar Ultimate Callout Challenge sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018, kuma a 2021 motarsu ta yi mita 201 cikin ƙasa da sakan 4. A maƙwabciyarku Indiana ake taron Scheid Diesel Extravaganza duk watan Agusta. Waɗannan mutane suna da kayan da suke ƙerawa su sayar a faɗin ƙasa, motar tsere kuwa ita ce wurin gwajinsu, ita ce tallarsu. Idan inji ya fashe musu, sun koyi abin da za su gyara a kayan da suke sayarwa. Idan ya fashe maka, asara ce kawai. Dala 40,000 ba za ta kai ka sahun gaba ba, kuma mota ba ta tsayawa a kuɗin haɗawa: akwai tirela, taya, mai, masauki, ga ranakun da kai da babban makanikenka ba ku gareji.

Yanzu dubi yadda aka tsara rukunan tseren, don a nan dabarar take. Gasar Outlaw Diesel Super Series tana gudu ne a kashi ɗaya cikin takwas na mil, wato ƙafa 660 ko mita 201. Ban da manyan rukunai na ƙwararru, akwai rukunai irin su 6.70 da 7.70, sai kuma ET Bracket. Lambar ita ce iyakar sakan: a rukunin 7.70, wanda ya yi 7.69 ya faɗi ko da shi ya riga isa, sai dai in abokin karawarsa ya fi shi ƙetare iyakar ko ya tashi kafin fitila ta ba shi hannu. A ET Bracket kuwa kowa shi ke rubuta lokacin da yake ganin motarsa za ta yi a jikin gilashi, a ba wanda lokacinsa ya fi tsawo damar fara tashi. Don haka tsohuwar a-kori-kura ƙirar Ram da ke yin sakan 10 tana iya doke motar da aka kashe wa dukiya, in direbanta ya fi iya tashi kuma motar ba ta canza hali.

Haɗa wannan da dokokin kariya na NHRA, ƙungiyar da ke tsara irin wannan tsere a Amurka, waɗanda filaye da yawa ke bi. A mita 201, daga sakan 8.59 zuwa ƙasa sai da hular kwano. Daga 7.35 sai an girka sandar ƙarfe a bayan direba. Daga 6.39 sai cikakken kejin ƙarfe da aka duba aka sa wa shaida, da lasisin tsere. Ka ga 7.70 tana sama da 7.35. Ke nan mutum zai iya shiga wannan rukuni ba tare da ya yanka cikin motarsa ba, kujerun yara na nan a baya yadda suke. A-kori-kura mai nauyin fam 7,000 tana bukatar ƙarfin doki wajen 600 kafin ta yi 7.70, abin da injin Cummins na Ram ko Duramax na Chevrolet da GMC ko Power Stroke na Ford ke iya kaiwa da gyara matsakaici. Waɗannan rukunai biyu, 7.70 da ET Bracket, su ne kasuwarka. Wanda ya ɗanɗana a nan shi ne zai dawo baɗi yana neman 6.70.

Babbar gasa kuwa, zo mu buga lissafi. Lambobin nan na misali ne, ka maye su da farashin da filinku zai faɗa maka. A ce hayar fili ta yini dala 6,000 ce, inshora da motar asibiti 2,500, kyaututtuka 5,000, talla da ma'aikata 2,500. Ka kashe 16,000. A ce motoci 80 sun shiga a kan dala 60, an samu 4,800; 'yan kallo 500 a kan dala 20, an samu 10,000; masu rumfuna shida a kan 300, an samu 1,800. Jimla 16,600. Ribar dala 600 ke nan, a ranar da rana ta fito kuma kowa ya zo. Ba a tsere a jiƙaƙƙen titi, ko yayyafi ne. Idan hadari ya haɗo da hantsi, 'yan kallo ba za su fito ba, kuɗin talla ya riga ya tafi. Gyaran giyabos biyu ko uku a garejinka ya fi wannan riba, ba kuma tare da fargabar sararin sama ba.

Abin da muke ba ka shawara shi ne ka je wurin mai filin da ƙaramar bukata. Kusan kowane fili yana da daren gwaji a mako, inda kowa ke biyan kuɗi kaɗan ya gudu. Ka nemi a ba masu dizal layinsu a irin wannan dare sau ɗaya a wata, daga Mayu zuwa Satumba, kai kuma ka ɗauki nauyin kyautar rukunai biyun nan. Fili nasa ne, inshora tasa, ma'aikata nasa, kuɗin ƙofa nasa. Kai sunan garejinka ne a lasifika da allo, da rumfa a gefen layin shiga. Dare biyar, kyautar dala 500 zuwa 800 kowane dare, da kofi a ƙarshen kaka ga wanda ya fi tara maki: duka ba za su wuce dala 6,000 ba. Kada ka tara kyautar a kan na ɗaya. Ka raba ta har zuwa na huɗu, mutum ya koma gida da kuɗin mai ko yaya. Tara makin ma da gangan ne, shi ke sa wanda ya faɗi a watan Yuni ya dawo a Yuli. Af, akwai wani amfani ga kyautar da ta fito daga aljihun mai ɗaukar nauyi: ta fi nisa da zancen caca a kan wadda aka haɗa daga kuɗin shigar 'yan tsere. In abin ya tsaya maka a rai, ka zauna da malami kafin ka tsara yadda za a biya.

Sai dai ka san cewa masu filaye da yawa suna ɗari-ɗari da dizal, kuma suna da dalili. Ana fesa wa titin tsere wani sinadari mai danƙo, ana kuma goga masa roba don taya ta kama. Mota mai nauyi da ke ja da ƙafa huɗu tana kankare wannan robar a layin tashi, masu ƙananan motoci su yi ta ƙorafi. Wanda ya fi muni shi ne inji ya fashe ko tiyo ya ɓalle. Injin Cummins yana ɗaukar baƙin mai kusan galan uku, in ya zubar da shi a tsawon titi, sai a dakatar da komai ana shara da wanki, wani lokaci sa'a guda, mutane suna ta ficewa. Idan ka je masa da maganin waɗannan a rubuce, ka gama rabin ciniki.

Maganin kuwa aikinka ne na kullum. Mako guda kafin kowane tsere ka buɗe duba mota kyauta a garejinka. A duba yoyon mai da na ruwa, a ɗaure batir da kyau, a ƙirga notunan taya, a kwashe duk abin da ke bayan mota. Duk motar da aka ƙara wa ƙarfi sosai a sa mata tiren tare mai ko bargon da ake ɗaurewa a ƙarƙashin inji, da zoben da ke riƙe farfela in ta tsinke. A soka ƙusoshi biyu masu kaurin inci 3/8 a gicciye cikin salansa kusa da turbo, don in fankar turbo ta tarwatse kada ɓaraguzanta su fita kamar harsashi. Masu ƙarfi ƙwarai su sa murfin datse iska, domin idan turbo ya fara tura baƙin mai cikin inji, injin dizal zai ci gaba da gudu da man jikinsa, kashe makulli ba ya tsayar da shi, sai an toshe masa numfashi. Sababbin direbobi kuma a koya musu abubuwa uku kafin su shiga layi: su kashe na'urar sanyaya mota don tana ɗigar da ruwa, su kewaye kwarmin ruwan da masu tayar tsere ke jiƙa taya a ciki, kada kuma su daɗe suna taka birki da totur tare suna tara iskar turbo, domin man giyabos yana tafasa a nan, na gefe kuma yana jira.

A wannan dubawar kuɗinka zai dawo. Kowace mota da irin lagonta, kuma ka san su. Duramax in ta tashi da ƙafa huɗu da iskar turbo a tare, tayarod ɗinta kan lanƙwashe, tayoyin gaba su dubi juna. Hannun riga na ƙarfe da ake zura masa ba shi da tsada, ka ajiye da yawa. Giyabos ɗinta na asali, ƙirar Allison, yana fara zamewa da an ƙara ƙarfi ya wuce kima, kwamfuta ta kulle shi a giya ɗaya. A Ram mai giyabos ƙirar 47RE ko 48RE, konbata da sandar shigar giyabos su ne ke fara tafiya. Power Stroke mai lita 6.0 kuwa tof gasket ne, sai an canza ƙusoshin kan inji da masu ƙarfi. Ga famfon mai na CP4 da ke Duramax na 2011 zuwa 2016 da Ford mai lita 6.7, wanda in ya ci kansa yakan watsa garin ƙarfe har cikin nozul. Dala 10,000 zuwa 12,000 a irin waɗannan kaya da na haɗa giyabos ta fi motar tsere aiki. Duk wanda ya zo dubawa ka karɓi lambarsa da izininsa, ka rubuta irin motarsa da abin da ka gani. Sauran kuɗin, rabi ke nan ko fiye, kada ka taɓa shi bana.

Akwai kuɗin da za a kawo maka wanda dole ka mayar. Daga tsakiyar 2007 a-kori-kura masu dizal suna fitowa da matatar hayaƙi ta DPF, daga baya aka ƙara tsarin ruwan DEF mai rage gubar hayaƙi. Matasa za su roƙe ka ka cire musu waɗannan ka sauya lissafin kwamfuta. Dokar tsaftar iska ta tarayya ta hana yi wa motar da aka ƙera don hawa titi haka, ta hana sayar da kayan yin sa, kuma rubuta "na tsere ne kawai" a rasit bai kare kowa ba. Ƙudurin RPM da masu harkar suka kai majalisa tun 2016 don a halatta mayar da motar titi ta tsere bai zama doka ba. A 2024 wani babban kamfanin kayan dizal a North Carolina da mai shi suka amince su biya dala miliyan 10 a kan wannan laifi. Zafin kamen yana hawa yana sauka gwargwadon gwamnatin da ke ci, amma dokar tana nan, kuma rasit ɗin da ka rubuta bana zai iya jiran gwamnati mai zuwa. Ka tsaya kan kayan da ke da lambar amincewa ta hukumar CARB ta California. Ka kuma sa doka a darenku: duk wanda ya turnuƙe titin gari da baƙin hayaƙi a hanyar zuwa ko komawa, ba ya sake shiga. Ƙorafin maƙwabta yana cikin abubuwan da ke rufe filayen tsere, kuma mai fili ya fi ka sanin haka.

Masu ɗaukar nauyi za su zo, amma ba da tsabar kuɗi ba da farko. Dilolin da kake sayen kaya a wurinsu sun fi saurin ba da jarkar mai, matata ko takardar rangwame a raba wa waɗanda suka ci. Ka karɓa. Kowane dare ka ƙirga motoci da 'yan kallo, ka ɗauki hoto da gajeren bidiyo ka sa a Facebook, ka buga teburin maki washegari. A watan Disamba ana baje kolin PRI na masu sana'ar tsere a Indianapolis, tafiyar 'yan sa'o'i daga wurinka. Ka je da waɗannan alƙaluma a takarda ɗaya. Mai kamfani ya fi sauraron wanda ya ce motoci kaza suka zo dare biyar a jere a kan wanda ya zo da buri.

In ka ga motoci sun kai 50 ko 60 sau uku a jere, to baɗi sai a yi maganar yini guda na masu dizal zalla. Ko a lokacin, ka buɗe wa taron kamfani dabam da na gareji don kada ƙarar kotu ta haɗiye duka biyun, ka duba kalanda kada ranarka ta ci karo da ta Scheid ko ta Ultimate Callout Challenge, ka kuma nemi a raba kuɗin ƙofa da mai fili maimakon ka biya haya gaba ɗaya. Lauya ya karanta yarjejeniyar kafin ka sa hannu, a ga abubuwa huɗu a rubuce: ranar da za a koma in an yi ruwa da ko kuɗin ajiyarka zai bi ka zuwa ranar, ƙarfe nawa dole a kashe injuna da dare, wa zai biya wankin titi in mai ya zube, da kuma ko sunanka da na garejinka suna cikin waɗanda inshorar filin ta rufe.